Darasin Juma'a: Hukuncin Karen Da Aka Tsinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum da dabba, Ya kuma ɗauki nauyin abincin kowannensu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan kare ne. Wani zai ce, duk mas'alolin da ke gabanmu a rasa abin da za a ɗauko sai kare? To ai mas'alar da ake jin nauyin tambaya ita aka fi yin kuskure a cikinta. Wanda duk ya zauna a Kafanchan, ko yake cin kasuwannin Zonkwa, Kagoro, Kwoi da Gidan Waya, ya san nan ba kamar cikin ganuwar Kano ko Katsina ba ne. Da yawa daga maƙwabtanmu suna kiwon kare don gadi da farauta, Fulani ma suna da nasu a ruga. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro ya dawo daga Islamiyya rungume da ɗan kwikwiyo, ko ɗan kasuwa ya zo buɗe siton citta da safe ya tarar da ramammen kare kwance a bakin ƙofa, ko karya ta haihu a kangon bayan gida.

A irin wannan hali mutanenmu kan kasu biyu. Wasu da ganin kare sai dutse da sanda, suna ganin addini suke yi. Wasu kuma, musamman yara da samari, sai su ja shi har tsakar gida, ba su san daga ina ya fito ba, ba su san abin da ke jikinsa ba. Duka biyun akwai gyara. Karen da ka tsinta ya zo maka da haƙƙoƙi guda uku: haƙƙin ransa, haƙƙin mai shi, da haƙƙin iyalinka. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: haƙƙin ran da ke gabanka

Imam Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wani matafiyi da ƙishirwa ta kama shi a hanya. Ya sami rijiya, ya sauka ya sha. Da ya fito sai ga kare yana lallage, yana lasar danshin ƙasa don tsananin ƙishi. Mutumin ya gane cewa abin da ya same shi ne ya sami karen nan. Sai ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da bakinsa saboda hannuwa na aikin hawa, ya fito ya shayar da shi. Allah Ya karɓi aikinsa, Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko har a dabbobi ma akwai lada, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar musu da cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai.

A wani hadisin, wata mace ce mai zaman kanta daga Bani Isra'ila ta ga kare yana kewaya rijiya, ƙishirwa na neman kashe shi. Ta cire takalminta ta ɗebo masa ruwa, aka gafarta mata saboda wannan. A ɗaya ɓangaren kuma, Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba, har ta mutu.

Ku lura da abu guda. Mutumin nan bai tambayi karen wa ne ba, bai kuma tafi da shi gida ba. Ya ba shi ruwa ne kawai. Wato tausayi daban, ajiyewa daban. Ba sai ka mayar da kare naka ba kafin ka sami ladarsa. Ruwa a tsohon gwangwani, ragowar tuwon jiya, ƙashin da za a zubar a bola, a ajiye masa a waje can gefe, wannan sadaka ce.

Abin da ya haramta shi ne azabtarwa. Yara su taru su yi ta jifan kare har su karya masa ƙafa, manya na zaune a majalisa suna dariya. A ɗaura masa gwangwani a wutsiya. A watsa masa ruwan zafi. A ɗaure kwiyakwiyai a buhu a jefa a kwalbati. Iyaye, wannan nauyinmu ne. Yaron da ya saba jin daɗin kukan dabba, zuciyarsa ce ke bushewa, kuma ba a kan dabba abin zai tsaya ba. Allah (SWT) Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu.

Shin kare najasa ne?

Wannan ita ce tambayar da iyaye mata suka fi yi, domin su ne da kwanuka da wanki.

A mazhabar Imam Malik, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakke ne, har da kare: jikinsa, guminsa da yawunsa. Daga hujjojinsu akwai aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren karen farauta ya kamo, alhali da baki yake kamawa. Akwai kuma abin da Buhari ya kawo daga Ibn Umar, cewa karnuka sukan shiga masallaci su fita a zamanin Annabi (SAW), ba a kuma yayyafa ruwa saboda haka. Don haka in kare ya goge ka a hanya ko ya sunsuni rigarka, alwalarka na nan, sallarka ta yi. Fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne, a wanke.

To ina hadisin da ya ce a wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki? Hadisi ne ingantacce. Malikawa sun ɗauke shi a matsayin umarnin bauta: a zubar da ruwan, a wanke mazubin sau bakwai don bin umarni, ba don najasa ba. Imam Shafi'i kuwa yana ganin najasa ce mai nauyi, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda ya zo a ruwayar Muslim. Saɓani ne na manyan malamai, kowa da hujjarsa, bai kamata ya raba sahu ba.

A aikace abin mai sauƙi ne. A ware wa kare nasa mazubi, kar ya haɗu da kwanukan gida. In ya sa baki a na gida, a zubar da ruwan, a wanke sau bakwai. Wanda ya haɗa da ƙasa a wankin farko ya fita daga saɓani. Kuma a kula: a ce abu ba najasa ba ne, ba yana nufin ba ya ɗauke da cuta ba. Za mu zo kan wannan.

Na biyu: haƙƙin mai shi

A nan ne yawancinmu ba mu san hukunci ba. Muna ɗauka kare ba dukiya ba ne, wanda ya tsinta nasa ne. Amma Shaihu Halil a Muhtasar, da ya zo bayanin tsintuwa, ya bayyana ta da cewa dukiya ce mai alfarma da ke fuskantar ɓacewa, ya kuma ambaci kare da sunansa tare da doki da jaki. Masu sharhi suka ce ana nufin karen da shari'a ta yarda a ajiye. Ashe ke nan karen gadi ko na farauta ko na kiwo da ya ɓace wa mai shi, amana ne a hannun wanda ya ɗauka.

A garin nan, karen da ka gani yana yawo, mafi rinjayen zato yana da mai shi. Karnukan unguwa ba a cika ɗaure su ba, suna fita kiwo su koma gida da yamma. Alamomin mai gida ba sa ɓuya: igiya ko ƙyalle a wuya, jiki a murje, rashin tsoron mutane. Kwikwiyon da yaro ya ce ya tsinta kuwa, sau da yawa uwarsa na nan kusa, ɗauko shi aka yi daga inda ta ajiye shi. Abin da ya fi shi ne a mayar da shi wurin nan take, babba ya raka, a kuma yi hattara domin karya mai jego ba ta da wasa.

In ka riga ka ɗauka, to cigiya ta hau kanka. Muslim ya ruwaito daga Zaidu ɗan Halid Aljuhani (RA) gargaɗi mai tsanani ga wanda ya killace ɓatacciyar dabba bai yi cigiyarta ba. Asalin wa'adin cigiya ga abu mai daraja shekara guda ne. Ana yin ta inda mutane ke taruwa: bakin kasuwa, tasha, wurin mai shayi, wurin 'yan acaɓa, da gidan mai unguwa. Ana iya yi a ƙofar masallaci daga waje, amma ban da cikinsa, domin Annabi (SAW) ya hana cigiyar ɓatacciyar dabba a cikin masallaci. Kar ka faɗi kamanninsa duka. Ka ce an tsinci kare a wuri kaza, ranar kaza. Wanda ya zo shi zai faɗi launi da alama. Kare ma ya fi sauran tsintuwa sauƙi, don da ganin mai shi zai nuna.

Ga wata fa'ida da ta dace da zamanmu. Halil ya ce tsintuwar da aka samu a garin Ahlul Kitabi masu zaman amana, ana miƙa ta ga malaminsu, domin shi ya fi sanin mutanensa. Darasin da za mu ɗauka shi ne, in a unguwar maƙwabtanmu Kiristoci ko kusa da ita ka tsinci kare, ka aika wa mai unguwarsu ko shugaban cocinsu. Dukiyar maƙwabci tana da alfarma ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. In mai shi ya bayyana alhali ka kashe kuɗi wajen ciyarwa da magani, malamanmu sun ce yana da zaɓi: ya biya ka ya karɓi abinsa, ko ya bar maka. In ka yafe kuwa, ya fi.

Kar a raina wannan magana. Ga wanda ya raini karensa tun yana kwikwiyo, yana kwana yana gadin gidansa, yana bin sa gona, ɓatansa ba ƙaramin rashi ba ne. In ya zo ya gan shi ɗaure a gidan Bahaushe ba a yi cigiya ba, sunan abin sata a wurinsa. In ya tarar yaranmu sun kashe shi da jifa, ya fi muni. Garin da ya ga abin da ya faru a watan Maris na 1987 da watan Afrilu na 2011 ba ya bukatar a gaya masa yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Amma ka mayar wa mutum karensa a ƙoshe, ka ce ga shi mun tsinta mun ba shi ruwa, wallahi ka yi wa'azin da lasifika ba za ta yi ba.

In ba a sami mai shi ba, za a iya riƙe shi?

Asali dai Musulmi ba ya ajiye kare don ado ko sha'awa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum; a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu, a ta Abu Huraira ƙiraɗi ɗaya. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar asarar da ake yi kullum ba a gani. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan haka a Risala: ba a ajiye kare a gidajen gari, sai don shuka, ko dabbobi, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba.

To gadin gida da shago fa? Malamai da yawa sun halatta ta hanyar ƙiyasi a kan waɗancan ukun, domin dalilin ɗaya ne, wato tsare dukiya. Imam Nawawi ya ce wannan ne ra'ayi mafi inganci. Masu sharhin Risala ma sun hakaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana kuma tsoron maƙiya, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Saboda haka mai sito a kasuwa, mai gonar citta ko masara a bayan gari, mai garken awaki, da mai gida a bakin gari inda ɓarayi ke damu, in bukatar ta gaskiya ce, ba laifi. Amma kowa ya tambayi zuciyarsa: bukata ce, ko dai yara ne suka yi ta kuka? Kuma a tuna da karin maganar nan, tsintacciyar mage ba ta mage. Babban karen da ya saba yawo ba lalle ya zauna ya yi maka gadi ba.

Wanda ya yanke shawarar riƙewa, ga sharuɗɗa. Wurinsa a waje ne, bakin ƙofa ko bayan gida ko gona, ba ɗakin kwana ko wurin salla ba. Hadisin Abu Ɗalha (RA) ya nuna mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Malamai sun yi saɓani ko wannan ya haɗa da karen da aka yi izini, don haka barinsa a waje ya fi aminci. Ko karen As'habul Kahfi, kamar yadda aya ta 18 ta surar ta nuna, a bakin kogon yake kwance. Sannan cinsa da shansa da inuwarsa sun zama wajibi a kanka. Ɗaure kare a rana tun safe ba ruwa, kai kana kasuwa, shi ne laifin matar nan mai kyanwa. Kar ya tare hanyar masu zuwa sallar asuba ko 'yan makaranta. Malamanmu sun ce wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, to ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Sai sharaɗi na ƙarshe, allurar rigakafi.

In ba ka da bukata ko ba ka da hali, ka nemi mai bukata ka ba shi kyauta: manomi, makiyayi, maharbi, ko maƙwabcin da ka san zai kula da shi.

Na uku: haƙƙin iyalinka

Wannan sashe a karanta wa mata da yara, domin magana ce ta rai.

Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da ke da rauni. Daga nan sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A wannan tsakanin raunin ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa, kasa haɗiya, to kusan babu wanda ke tashi. Amma kafin alamu su fito, allura tana hana ta. Duk maganar ke nan: a riga ta isa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro ne ke wasa da kare, shi ne gajere da cizo ke samu a fuska ko wuya kusa da ƙwaƙwalwa, shi ne kuma ke ɓoyewa don tsoron duka.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Iri biyu ne. Akwai mai faɗa, wanda ke cizon itace da ƙarfe da duk abin da ya gani, muryarsa ta canza, yawu na dalala. Akwai kuma mai sanyi, wanda zai kwanta shiru, muƙamuƙi a sake, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Wannan na biyun shi ke yaudarar mai tausayi, ya sa hannu zai cire ƙashi. Kar a kuskura. Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita, ƙanƙantarsa ba shaida ba ce. Kuma kare na iya fara yaɗa ta 'yan kwanaki kafin a ga wata alama a jikinsa.

Don haka karen da ba a san tarihinsa ba, ko ya yi kyan gani, a ba shi abinci daga nesa. In za a riƙe, a ɗaure shi gefe, yara kar su taɓa, a nemi likitan dabbobi ya duba shi, ya yi masa allura, ya ba da maganin tsutsar ciki da na kaska. Ana fara allurar daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya tsara, a kuma adana takardar shaida. Ba abu ne mai nisa da mu ba: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar karnuka, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar karen da ake zargi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na daina yawo. Ba a kiwon kare ranar farauta, haka ma ba a neman rigakafi ranar cizo.

In cizo ya auku

1. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara, na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Ko sabulun wanki ne ya wadatar.
2. Kar a sa barkono, toka, man birki, ko tauna ganye a liƙa. Kar a ɗaure wurin tamau.
3. A tafi asibiti ranar, ba gobe ba, ko da yakushi ne. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa kare ne, kuma ba a san tarihinsa ba. In babu allurar a ƙaramin asibiti, a wuce babban asibitin Kafanchan ko inda aka tura ku.
4. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban. A cika ta duka. In raunin mai zurfi ne ko a fuska, akwai wata allurar ta daban da ake yi a bakin raunin.
5. In an iya killace karen ba tare da haɗari ba, a sa masa ido kwana 10. In ya mutu ko ya canza, a sanar da likita. Amma kar a jinkirta fara allura ana jiran kwana goman.
6. In dole ta sa an kashe shi, kar a farfasa kan, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji. Kar a taɓa gawar da hannu, a kira ma'aikatan dabbobi. In ya ciji akuya ko saniya, su ma a sanar, domin suna kamuwa.

Addu'a da tofi alheri ne, a yi. Amma wanda ya tsaya a kansu ya bar allura ya saɓa wa koyarwar Annabin da ya umarce mu da neman magani. Tun shekarar 1885 Allah Ya sanar da bayinSa wannan magani, lokacin da Louis Pasteur a Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, ya kuma rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce aka ware a duniya don faɗakarwa kan cutar. Kuɗin allurar na iya yi wa talaka nauyi. A nan ne jama'ar masallaci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su nuna zumunci: in aka ce ɗan wane kare ya cije shi, a haɗa kuɗin a ranar.

Iyaye, ku gaya wa yara yau ɗin nan: wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya faɗa, ba za a doke shi ba. Ku cika alkawarin kuma.

Kisa da sayarwa

Kare mai afka wa mutane yana cikin dabbobi biyar da hadisin Nana A'isha (RA) ya halatta kashewa ko a Harami. Mahaukacin kare ya fi cancanta. Amma a yi shi cikin gaggawa ba azaba, domin hadisin Shaddadu ɗan Ausu (RA) ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa. Ba ƙonawa, ba taron yara da duwatsu. Zuba guba a bola kuma ɓarna ce, tana kashe kaji da awakin mutane, tana iya kaiwa ga yaro. Karen da bai cutar da kowa ba, ba a kashe shi. An yi umarnin kashe karnuka a Madina a farko, daga baya Annabi (SAW) ya hana, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Risala ta ƙara da cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, sai ya biya ƙimarsa.

Sayarwa fa? Mun san akwai fataken karnuka da ke bin ƙauyuka suna saye, suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Filato. Hadisin Abu Mas'ud Al'ansari (RA) ya hana cin kuɗin kare, kuma shi ne mashhurin mazhaba, duk da cewa Sahnun da Imam Abu Hanifa sun yi sauƙi a kan kare mai amfani. Amma wannan saɓani a kan karenka ne. Wanda ka tsinta ba ka yi cigiya ba, sayar da shi cin dukiyar wani ne, babu malamin da ya halatta. A ja kunnen samari a kan wannan.

Tambayoyin bita a gida

Maigida ya tara iyali bayan Magariba a amsa waɗannan:

1. Me ya sa aka gafarta wa mutumin da ya sauka rijiya, kuma ya tafi da karen gida ne?
2. Kare ya sha ruwa a bokitin gida. Me za a yi?
3. A ina ake cigiya, a ina kuma aka hana?
4. Waɗanne dalilai ne ke halatta ajiye kare?
5. Minti nawa ake wanke cizo, kuma yaushe ake zuwa asibiti?

Allah ne Mafi sani. Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya tsare mana 'ya'yanmu daga cuta, Ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabtaka, Ya zaunar da Kafanchan da ƙasar Jama'a da kudancin Kaduna baki ɗaya lafiya. Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wanda ya karanta ya miƙa wa wanda bai samu ba. Takardar na ɗauke da sunan Allah, kar a yar a ƙasa, kar a ƙunshe kaya da ita.